Karkatacciyar Hasumiyar Magret

Magret ba ta iya ganin abu a karkace ta ƙyale shi. In ta shigo ɗakinka ta tarar kalanda ta jirkice, sai ta gyara ta kafin ta amsa gaisuwarka. A shagon kek da take aiki a unguwar Satwa ta birnin Dubai, tsakanin wani tela ɗan Pakistan da mai gyaran waya, abokan aikinta 'yan Filifin suna kiranta Madam Rula, domin ko yankan kek za ta yi sai ta ɗauko abin awo. Uwar shagon ba ta taɓa ƙorafi ba. Duk kek ɗin biki mai hawa-hawa Magret take miƙa wa, don ta san zai isa wurin taro a tsaye cak.

Wata ranar Litinin, tana cikin kwaɓa bota da sukari, sai ga kiran Pamela daga Ingila. Pamela ƙanwarta ce, 'yar Mama Saratu, yayar mahaifiyar Magret da ta riƙe ta a Kagoro tun tana ƙarama. Aikin nas ya kai Pamela wani gari wai shi Chesterfield, a can ta haɗu da wani Bature malamin makaranta, aka ɗaura musu aure a cocin garin. Mama ba ta samu bizar zuwa ba, abin ya tsaya wa kowa a rai. Shi ne aka shirya a yi shagalin a Dubai, dangin ango su gangaro, na amarya su hauro, a haɗu a tsakiya.

"Yaya Magret, kek ɗin a hannunki yake," in ji Pamela. "Amma ba mai hawa-hawa nake so ba. Cocin da aka ɗaura mana aure nake so ki gina mini. Surukina, Baba Jeffrey, shi ne yake hawa da baƙi cikin hasumiyar cocin tun da ya yi ritaya. In ya gan shi a kan tebur, na san sai ya yi hawaye. Kada ki gaya wa kowa, har Mama."

"Turo hoto," in ji Magret.

Hoto ya iso. Ginin dutse ne dogo, mai siffar gicciye, da manyan tagogi masu tsinin baka, hasumiya a tsakiya. A kan hasumiyar kuma ga wani dogon tsini da ya tafi sama, sai dai ya murɗe kamar an matse wanki, kansa ya leƙa gefe guda. Magret ta faɗaɗa hoton da yatsu, ta juya wayar, ta yi tsaki. Ta san Pamela da ɗaukar hoto daga cikin mota tana gudu. Ta yi gwajin farko da ragowar kek da cakulan, ta tsayar da tsinin sambal, ta auna shi ta kowace fuska, ta ji daɗin ranta.

Da yamma ta ɗauki gwajin ta tafi da shi gida Al Nahda. Al'adarta ce, duk abin da ya ragu a shago takan kai wa maƙwabtanta, Rabi da mijinta Dikko, Bakatsine injiniya da yake duba ƙarfin dogayen gine-gine kafin a bari mutane su shiga. Rabi ta kawo shayi, Dikko ya zauna yana kallon ɗan cocin.

"Wannan fa kamar na san shi," in ji shi. "Ina ne?"

Magret ta miƙa masa wayar. "Kada ka kula da tsinin, Injiniya. Hannun Pamela ne ya girgiza."

Dikko ya dubi hoton, ya dubi kek ɗin, sai ya fara dariya har ya ajiye kofinsa don kada ya zubar.

"Anti Magret, hannun kowa bai girgiza ba. Haka yake. A Sheffield na yi karatu, kusa da garin nan. Duk lokacin da jirgin ƙasa ya bi da ni ta wurin sai na leƙa ta taga na gaishe shi."

"Haka yake yaya? Coci guda?"

"Shekara fiye da ɗari shida yana nan a haka."

Magret ta zauna a hankali. Dikko kuwa an taɓo masa inda yake so. Ya gyara zama ya ce a Ingila kowane ƙauye da cocinsa, yadda kowace unguwa a Katsina take da masallacinta. Ba manyan majami'un birni yake nufi ba, na jama'ar gari yake nufi, wanda manoma da masu tumaki suka haɗu suka gina. A nan ake yi wa jariri baftisma, a nan ake ɗaura masa aure in ya girma, a harabar kuma ake binne shi. Ba a tashi ɗaya aka gina su ba. Kaka zai yi ƙofa mai zagayayyen baka, jika ya zo ya ce yanzu baka mai tsini ake yayi, ya fasa bango ya faɗaɗa taga don haske ya shigo. In gashin tumaki ya yi kasuwa, sai gari ya ƙara wa hasumiyarsa tsawo, don matafiyi ya hango daga nesa, maƙwabta kuma su gani su ji haushi.

"Ashe Dubai ba su suka fara ba," in ji Rabi.

"Shi kuma tsinin," Dikko ya ci gaba, "kin san zankon soro? To ki ɗauki zanko ɗaya ki yi ta jan sa sama, ki ɗora a kan hasumiya. Wasu garuruwan da dutse suka yi nasu. Wannan na katako ne, aka lulluɓe shi da dalma. Daga ƙasa zuwa ƙarshensa ya kusa mita saba'in."

"Na ji. Wa ya lanƙwasa shi?"

"Masana ba su daidaita ba. An ɗora shi ne ba da daɗewa ba bayan babbar annobar da ta share Turai, ana jin ta kwashe gwanayen kafintoci, waɗanda suka ragu ba su sa isassun katakan tokare ba. Wasu sun ce ɗanyen katako ne. Ga dalma da nauyin tsiya. Rana tana dukan gefen kudu fiye da na arewa, dalma ta buɗe da zafi ta tsuke da sanyi, yau da gobe har abin ya murɗe."

Magret ta kira Pamela nan take, ta sa a lasifika.

"Me ya sa ba ki gaya mini cocinku a karkace yake ba?"

"Ba ki ga hoto ba? Ai shi ne abin alfaharin garin, Yaya. Har ƙungiyar ƙwallonsu da tsinin nan ake mata laƙabi. In kika miƙe shi kin yi mini cocin wasu."

"Sai a ce Magret ta kai karkataccen kek gaban surukai."

"A karkace nake son abina."

Rabi ta yanka ɗan cocin gwaji, suka cinye shi. Magret ce ta ci tsinin, don kada kowa ya ga yadda aka wulaƙanta aiki mai kyau.

Abin da bai taɓa zuwa mata a rai ba shi ne, karkata abu ya fi miƙe shi wuya. Ta yi tsinin da sukari zalla, tana murɗawa ya karye. Ta yi na biskit, ya fito daga obin kamar ƙahon rago. Ta yi na cakulan, ya tsaya yana kallonta na ɗan lokaci, sannan ya kwanta a kan rufin cocin kamar mai jin barci. Abokan aikinta suka fara leƙowa daga bayan firji suna ƙunshe dariya, ganin Madam Rula tana faɗa da kayanta don sun ƙi karkacewa yadda ya kamata.

Dikko ya ɗauki abin da gaske fiye da ita. Ranar Asabar ya shimfiɗa kwamfutarsa a teburin cin abinci, ya zana tsinin da fuskokinsa takwas, yana lissafin inda nauyi zai faɗa. Ya ce a sa siririyar waya a tsakiya, a dasa ta cikin hasumiyar. Ya ce abin da yake ba shi mamaki, ainihin tsinin ma ana cewa ba a ɗaure yake da hasumiyar ba, nauyinsa ne kawai ya zaunar da shi.

"Da a nan ne aka kawo mini shi, wallahi ba zan sa hannu ba," in ji shi. "Ga shi kuma ya girmi duk abin da na taɓa sa wa hannu."

Rabi tana daga kicin tana jin su. Ta leƙo da ludayi a hannu ta ce, "Ku yi yadda masu shi suka yi mana. Ku gina shi a miƙe, ku bar rana ta ƙarasa."

Suka dubi juna. Magret ta kwaɓa cakulan da ruwan sukari har ya yi laushi kamar yumɓu, ta naɗe shi a jikin wayar, ta yanka siraran falle na sukari masu ruwan toka ta jera su kamar ƙayar kifi, yadda dalmar take a hoto. Suka kai shi baranda suka ajiye, gefe ɗaya yana fuskantar rana, suka koma ciki su sha shayi. Da suka fito, waya ce kaɗai a tsaye. Cakulan ya gangaro ya cika faranti, har ya fara ɗiga wa mutanen ƙasa a kan shanyarsu.

"Ranar Ingila aka ce, ba ta Dubai ba," in ji Dikko.

Daga ƙarshe abin busar da gashi na Rabi ne ya yi aikin. Rabi tana hura ɗumi ta gefe ɗaya, shwaiya shwaiya, wato a hankali a hankali, Dikko yana riƙe da hoton yana cewa a ƙara ko a rage, Magret tana murɗawa da yatsu uku, fuskarta a yamutse kamar mai shan maɗaci. Da ta saki, tsinin ya tsaya, a murɗe, kansa ya leƙa gefe, daidai da na hoton.

"Khalas," in ji Dikko. "Shi ne."

Sauran aikin ya zo mata da sauƙi. Ta gasa jikin cocin da kek mai lemon tsami, ta zana duwatsun bango ɗaya bayan ɗaya da tsinke, ta narka alawa kala-kala ta yi gilasan tagogi, ta sa agogo a hasumiya. Pamela ta so a ƙara 'yan kaburbura a harabar, Magret ta ce wannan kam sai dai a nemi wata, ba za ta kai kabari wurin biki ba. Kwana biyu cocin yana cikin firjin shago, kuma duk sanda ta buɗe sai ta tarar ta daɗe tana kallonsa. Ba ta yarda ya yi kyau ba. Amma ta daina jin hannunta yana ƙaiƙayi.

An yi shagalin a cikin wani babban jirgin katako irin na Larabawa, da aka ɗauka haya a bakin ruwa wajen Port Saeed. Magret ta isa da la'asar tun kafin baƙi. Ta riƙe kwalin a cinyarta tun daga Satwa, tana roƙon direba ya bi a hankali. Ta ajiye cocin a bene na ƙasa inda iyakwandishan yake, ta duba tsinin ta ga yana nan yadda ta bar shi, ta tafi ta sa ankonta.

Da ta dawo, Mama Saratu ce tsaye a gaban teburin, cikin leshi da babban ɗauri, tana goge yatsunta da hankici. A bayanta tsinin cocin ya tsaya sambal, yana nuna rufin jirgi.

"Kada ki damu, 'yata," in ji Mama cikin raɗa. "Ba wanda ya gani. Mota ce ta lanƙwasa miki shi a hanya. Na ɗumama hannuna a jikin butar shayi na lallaɓa shi, ya ji magana. Wannan murɗin ne bai gama fita ba, amma daga nesa ba a lura."

Magret ta ƙura wa tsinin ido. Aikin sati biyu ne aka shafe mata cikin ƙauna. Abin da ya fi ba ta haushi, can ƙasan zuciyarta wani abu ya ce mata ai ya fi kyau a haka. Ta miƙa hannu za ta mayar da shi, sai ga hayaniya a matakala: amarya da ango ne, da danginsa, da Dikko da Rabi a baya.

Pamela ta hango kek ɗin, murmushinta ya daskare. Ta jefo wa Magret wani kallo da ta san shi tun suna yara. Dikko ya dafe kai. Turawan suka yi cirko-cirko, kowa yana jiran wani ya fara magana.

Baba Jeffrey ya ratso su. Dogon tsoho ne, rana ta riga ta mai da shi ja, yana sanye da kaftanin da Pamela ta sa aka ɗinka masa a Satwa, hannun ya ɗan gaza. Ya sa tabarau ya zagaya teburin. Ya leƙa tagogin alawa, ya duba agogon. Sannan ya durƙusa da ƙyar, har idonsa ya zo daidai da ƙofar cocin, ya ɗaga kai ya kalli tsinin daga ƙasa, yadda mutum yake kallonsa in yana tsaye a harabar. Ya daɗe a haka. Da ya yi magana, a hankali ya yi ta, Dikko ya matsa kusa da Mama yana fassara mata.

"Ya ce tun yana yaro yake kallon tsinin nan, bai taɓa ganinsa a miƙe ba, mahaifinsa bai gani ba, kakansa ma haka. Ya ce duk sanda ya hau da baƙi cikin hasumiya ya ɗaga kai ya ga katakan nan, yakan tuna kafintan da ya kafa su, ya ce ko me mutumin ya gani ranar da ya sauko ya waiwaya. Ya ce yau ya ga abin da ya gani. Yana tambaya wa ya yi wannan tunanin."

Magret ta nuna Mama da yatsa, ba ta ko yi jinkiri ba.

Tsohon ya tashi ya kama hannun Mama da hannu biyu yana jijjigawa, idonsa ya ciko. Mama ta amsa da fara'a, sannan ta juya wajen Dikko.

"Ɗana, me yake nufi bai taɓa ganinsa a miƙe ba?"

Pamela ce ta ciro waya ta nuna mata hoton. Mama ta nisanta wayar daga idonta, ta duba da kyau. Magret tana jira ta ga kunya ta kama ta. Ko alama.

"Shekara nawa ke nan?"

"Fiye da ɗari shida, Mama."

"Tambaye shi, ba su da kwamitin gini ne? Mu da rufin cocinmu ya fara yoyo, zumuntar mata ba mu bari damina ta biyu ta same shi ba."

Dikko ya fassara yana danne dariya. Baba Jeffrey ya ƙyalƙyale har da riƙe gefen tebur. Ya ce a gaya mata mutanen garin suna da nasu labarin: wai wani maƙeri ne yake sa wa Shaiɗan takalmin ƙarfe a kofato, ya buga masa ƙusa a nama, Shaiɗan ya yi tsalle don zafi, ya haura tsinin da ƙafa yana wucewa.

Mama ba ta yi dariya ba. "Shaiɗan ya taɓa coci, kuka bar shaidar tana nan, har kuna kai baƙi su gani?" Ta girgiza kai. "Pamela, kina dai zuwa addu'ar safe ko?"

Aka yi ta ɗaukar hotuna. Wata ƙanwar ango ta ce a ɗan karkata tsinin don a samu hoto ɗaya na gaskiya, Mama ta tsaya a gaban teburin ta ce ba a gabanta ba. Baba Jeffrey ya goyi bayanta. Haka aka yanka kek ɗin da tsininsa a tsaye, ango ya ɗauki ɓangaren bagade, wato gaban cocin inda limami ke tsayawa, aka raba wa jama'a sauran.

Da jirgi ya tashi, Mama da tsohon suka hau bene na sama suka zauna, suka riƙe Dikko a tsakaninsu, ko abinci ba su bari ya ci ba. Magret tana jin su daga inda take tattara faranti. Tsohon yana ba da labarin ƙararrawa, yadda ake jeruwa kowa da igiyarsa ana kaɗa su bi da bi, da yadda a zamanin da jama'a ke da alhakin gyaran wurin zamansu, limamin coci kuma na wajen bagade. Mama ta tambaya ko cocin yana cika ranar Lahadi. Ya ce ba kamar dā ba, a ƙauyuka da yawa ma tsofaffi ne kaɗai suka rage a benci. Wannan ya dami Mama fiye da karkatar. Ta ce a gaya masa ba gini ne matsalarsu ba, waƙa ce, su nemi ganga.

Pamela ta samu Magret zaune a gefen jirgi babu takalmi a ƙafarta, tana cin ɗan yankin ƙofar cocin da ya rage. Ta mintsine ta a hannu.

"Ki faɗi gaskiya, Yaya. Ke kika sa Mama."

"Da ni ce, da har murɗin na warware."

Pamela ta yi dariya ta jingina da kafaɗarta, ta sa yatsa ta ɗebi kek daga farantin. Magret ta ce ya ɗan bushe, firji ya sha shi, da ta ƙara bota. Pamela ta ce ita dai ba ta ji ba. A sama aka saki kiɗan gida, suka jiyo muryar Mama tana cewa Dikko ya gaya wa surukinta ya saki kafaɗa, ba da gwiwa ake yi ba.

"Yalla, tashi mu je," in ji Pamela, "kafin ta karya mana tsoho."

Magret ta lalubo takalmanta ta bi ta.